Katin da Aka Ce Mama Ta Zubar

Toledo, Ohio
6 ga Yuni, 1994

Yaya Duane,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Marcy da agogunan mutane da kake wuni kana tona musu ciki. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana ni shanya kwana huɗu.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa maimakon waya. Ka san halin Baba, da wayar ta yi ƙara zai ɗaga ɗaya kan da ke ɗakinsa ya yi tsit, yana zaton ba na jin numfashinsa. Maganar nan kuwa ba ta kunnensa ba ce.

Ranar Talata mun je wurin likitan ido, kuma labarin ba daɗi. Tsakiyar ganinsa ce take tafiya. Likita ya ce da wuya ya kai Kirsimeti yana gane fuskar mutum. Shi gogan ko a jikinsa, har yana tsokanar likita wai dama fuskokin unguwarmu ba abin kallo ba ne. Amma da muka shiga mota sai ya ce, "Lori, da zan ƙara ganin katin nan nawa sau ɗaya, in tabbatar da gaske na taɓa yin gashi a ka." Sai da na tsaya a gefen titi na yi kamar ina neman wani abu a jaka. Tun da ambaliya ta cinye mana hotuna a ɗakin ƙasa, babu hotonsa ko ɗaya cikin kayan wasan ƙwallon besbol, shi da ya buga wa babbar ƙungiya wasa shekara guda cur.

To, zauna ka ji. Na samo shi.

Shekara ashirin kana bin kasuwar kati daga Arizona har inda ƙafarka ta kai, kana gaya mini katunan hoton 'yan besbol na 1953 na kamfanin naman sosej na Dombek sun fi komai wuya, wai iyaye mata duk sun zubar da su tare da ledar nama. Ni kuwa direbar motar 'yan makaranta, na shiga kasuwar kati sau ɗaya tak ranar Asabar, a zauren bayan coci, sai ga Babanmu Casimir Szymanski yana kallona daga teburin wani mai gashin baki. Tsaf da shi, fes, gefe-gefensa a miƙe, bayansa fari tas. Kada ka tambaye ni nawa na biya, domin ba zan faɗa ba.

Na sa shi cikin wasiƙar nan tsakanin kwali biyu. Ka duba shi da gilashinka tun da kai ne malamin, ka sa masa firam mai kyau, ka maido kafin 18 ga Satumba, ranar da Baba zai cika saba'in. Kuma ina jiran godiya a rubuce.

Ƙanwarka da ta fi ka sa'a,
Lorraine

Tucson, Arizona
15 ga Yuni, 1994

Zuwa ga ƙanwata Lorraine,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba, wasiƙarki ta iso ranar Litinin. Maganar idonsa ta tsaya mini a rai, ranar ko agogo ɗaya ban gyara ba.

Game da katin, ki yi haƙuri. Na jabu ne.

Na san kin riga kin murguɗa baki, don haka bari in yi bayani. Katin Dombek cikin ledar sosej ake samunsa, manne da naman. Babu na gaskiya ko ɗaya a duniya da bayansa yake fari tas. Dole a ga tabon maiƙo, wani ma in kin kai shi hanci har yau da ɗan sauran ƙanshin nama. Wannan naki ƙanshin sabuwar takarda yake yi. Na kuma haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske, sai ya ɗau ƙyalli. Tsohuwar takarda ba ta yin haka, ta zamanin nan ce ake sa wa sinadarin ƙara fari. Sannan sunan Baba da ke ƙasa, a na gaskiya baƙin tawada ne zalla. A wannan kuwa ɗigo-ɗigo ne, alamar hoton wani kati aka ɗauka aka sake bugawa. Da kin buga mini waya daga zauren cocin, da minti biyu ya ishe ni.

Amma kada ki jefa wasiƙar nan a shara tukuna, domin akwai abin da ya hana ni cin abincin rana.

A kusurwar hagu ta sama akwai wasu layuka biyu ƙanana. Da na gan su na shafa da ɗan yatsa, ban ji komai ba, lumui. Ba lotsawa ba ce, hoton lotsawa ne. Wato katin gaskiya da ɓarawon ya ɗauka a hoto shi ne mai wannan tabon. Lorraine, na san tabon nan. Cizon fegin shanyar Mama ne. Ni na yi shi da hannuna ina ɗan shekara tara, ranar da na maƙala katin Baba a wayoyin tayar kekena don ya riƙa ƙara kamar babur, yadda duk yaran layinmu suke yi. Fegin nan haƙorinsa ɗaya a karye yake, shi ya sa layi ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ko a cikin dubu zan gane shi.

Kin ga abin da nake nufi? Katinmu ne, namu na gida, kuma yana nan a hannun wani. Ke nan da Mama ta zubar da kwalin takalmin da nake tara katunana a 1958, wani ya tsince shi a bola. Allah ya ji ƙanta, na yafe mata komai a duniya, amma kin san wannan ɗayan ban taɓa iya haɗiye shi ba.

Ki koma wurin mai gashin bakin nan ki tambaye shi a ina ya samo. Kada ki yi masa masifa sai ya ba ki amsa.

Naki,
Duane

Toledo
24 ga Yuni

Yaya Duane,

Ina gaisuwa. Baba yana lafiya, jiya ya ci kabeji naɗe da nama har guda biyar ya ce babu gishiri.

Mai gashin baki ya yi layar zana. Lambar wayar da ya ba ni ta wani gidan wanki da guga ce, matar da ta ɗauka ta ce ni ce ta bakwai. Na ci kuka na ƙoshi a motar makaranta bayan na sauke yara, wannan ya wuce.

Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Bari kawai in faɗa.

Mama ba ta zubar da kwalinka ba. Ni na ɗauke shi.

Ka tuna Gus Pavlik na gida na uku, mai manyan kunnuwa? Ka tuna takalmin tayarsa, irin na ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi a matse da makulli? Ina 'yar shekara takwas babu abin da nake so a duniya kamarsa. Kai ka tafi sansanin yara na coci na mako biyu. Gus ya ce musaya, kwalin Duane gaba ɗaya da takalmin taya. Muka tofa yawu a tafin hannu muka gaisa, ka san kuma an gama ke nan. A gida na ce ara mini ya yi.

Da ka dawo ka hau ihu, kafin in buɗe baki Mama ta ce daga kicin, "Ni na share ɗakin, na zubar." Na zaci ta ɗauka da gaske ta haɗa da shi cikin shara. Shekara ta zagayo ban faɗa ba, sai ya zama ba ya faɗuwa. Duk shekara a bikin Ranar Godiya, an yanka talotalo, sai ka ɗaga kofi ka ce, "A gaida Mama, wadda ta zubar da arzikin gidan nan a kwandon shara," kowa ya yi dariya, ita ma ta murmusa ta ce, "To, na ji, miƙo farantinka." Har muka binne ta ban faɗa ba, kuma ina jin kunyar wannan fiye da satar.

In za ka zage ni, ka zage ni a takarda, ka rubuta manya-manya. Amma ƙanwar Gus tana zuwa cocinmu, ta ce yana Sandusky yana aski. Zan je in ka ce in je.

Ƙanwarka,
Lori

Tucson
2 ga Yuli

Lorraine,

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Na fita na zagaya unguwa da tsakar rana, a garin nan kuwa mahaukaci kaɗai ke yin haka a watan Yuli. Marcy ta biyo ni da mota da gorar ruwa.

Cikin kwalin nan akwai kati ɗari uku da sha ɗaya. Na ƙirga su ranar da zan tafi sansani. Ba zan gaya miki abin da wasu daga cikinsu suka zama yau ba, don ina son ki ci gaba da yin barci.

Takalmin taya, Lori. Wanda ko wata biyu ba ki yi da shi ba kika karya hannu.

Ban huce ba, kuma ban san ranar da zan huce ba. Amma idon Baba ba zai jira ni ba. Ki je Sandusky. In kin ga katin, ki juya bayansa ki nemi maiƙo, sannan ki shafa kusurwar hagu.

Duane

Toledo
25 ga Yuli

Yaya Duane,

Gaisuwa da ban haƙuri, karo na biyu. Na ga ka cire "ƙanwata" daga kan wasiƙarka, na kuma karɓi hukuncin.

Na je. Shagon Gus kujera biyu ne, kusa da bakin tafki. Kunnuwan suna nan, gashin ne ya yi ƙaura. Ina shiga ya dube ni ta madubi ya ce, "Lori Szymanski, in kin zo maido da takalmi ne kin makara." Idona ya kai kan madubin, sama da kwalbar da yake jiƙa mataji, ga Baba nan a maƙale. Gefensa na dama duk ya tsattsage saboda wayoyin kekenka. Na juya bayansa, ga tabon maiƙo faɗin kwabo. Na shafa kusurwa, na ji rami biyu, ɗaya ya fi tsawo. Sai da Gus ya zaunar da ni a kujerar aski ya ba ni tawul.

Sauran katunanka sun tafi tuntuni, uwarsa ta zubar da su lokacin da ya shiga soja. Wannan karon da gaske uwa ce ta zubar. Na Baba ya tsira ne don yana cikin walat ɗinsa, wai shi kaɗai ne ɗan wasan da ya taɓa gyara masa sarƙar keke. Bara wani mai gashin baki da yake zuwa aski ya ari katin na kwana biyu, wai zai nuna wa mahaifinsa a asibiti. Ya maido shi lafiya, bai sake zuwa aski ba. Da na nuna wa Gus na jabun, abin da ya faɗa ba zai rubutu ba.

Na gaya masa maganar idon Baba, na ce ya faɗi abin da yake so. Ya ɓata rai ya ce, "Ke, na yi miki kama da mai teburi a bayan coci? Ba saye na yi ba, ba kuma zan sayar ba. Musaya muka yi, da yawu. Musaya ba ta warwarewa sai kowa ya maido abin da ya karɓa."

Na ce, "Gus, shekara talatin da shida fa."

Ya ce, "Ni dai ga nawa a madubi."

Na dawo gida na birkice saman silin, na ci ƙura har na gode Allah. Ka yarda ko kada ka yarda, takalmin yana nan cikin akwatin kayan Kirsimeti na Mama, naɗe da tsohuwar jarida. Asabar da ta wuce na koma Sandusky ina ta yashe baki. Gus ya jujjuya shi, ya murza tayoyin, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Makullin fa?"

Da makulli ya ba ni, wai, rataye da igiyar takalmi. Ba makulli, ba kati. Har wani tsoho da ake yi wa aski ya ɗago da kumfa a fuska ya ce gaskiyar Gus ce, haka dokar take a layinsu ma. Maza dai ba ku girma.

Na san inda makullin ya shiga. Ranar da na karya hannu Baba ya cire shi daga wuyana a asibiti, ban ƙara ganinsa ba. In na tambaye shi, dole in gaya masa dalili. Kai da kake yawon kasuwar tsofaffin kaya, ba za ka samo mini wani mai kama da shi ba? Duk makullan nan iri ɗaya ne.

Lori

Tucson
8 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Lorraine,

Ga shi na maido miki da "ƙanwata", ki riƙe da kyau.

Wato ni, da mutane ke aiko wa kati daga jihohi tara in gaya musu gaskiya, ni za ki sa in haɗa miki makullin jabu? Zan faɗa miki abin kunya, na je na nema. Na samo har uku. Sai da na baza su a kan tebur na tuna Gus ya ƙarce harafin G da ƙusa a jikin nasa, domin a gabana ya yi. Har na ɗauko ƙusa. Marcy ta tsaya a kaina ta ce, "In ka gama, sai ka shafa masa maiƙon sosej." Na mayar da ƙusar.

Ki tambayi Baba. Ki dafa masa abin da yake so, ki sa gishiri sosai, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Ni ban mutu ba, shi ma ba zai mutu ba. Yanzu yaya ganin nasa?

Yayanki,
Duane

Toledo
21 ga Agusta

Yaya Duane,

Gaisuwa. Ka samu kujera kafin ka ci gaba.

Ganin yana raguwa. Jarida ta gagare shi, yanzu da gefen ido yake kallon mutum, yana karkata kai. Ga 'yan besbol sun tafi yajin aiki, ko wasan rediyo babu, sai ya zauna a baranda yana zagin kowa da kowa. A nan na same shi ranar Alhamis da farantin dankali da albasa.

Na fara kame-kame, "Baba, ka tuna lokacin da Duane ya tafi sansani..."

Ya ce, "Makullin Gus kike nema?"

Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Ya zaro makullansa daga aljihu, waɗannan da muke gani kullum tun muna yara, na gida, na gareji, na motar da aka sayar tun 1980. Ya lalubo wani ɗan ƙarfe baƙi a tsakiyarsu ya miƙo mini. Ga G nan a karkace.

Ya ce tun ranar suka sani. Mama tana tagar kicin ta ga na fita da kwali a ƙarƙashin riga, ta ga na dawo a kan taya. Na ce to me ya sa ta ce ita ce? Ya ce shi ma ya tambaye ta, ta ce masa, "Caz, ka san zuciyar yaron nan. In ya san ƙanwarsa ce, zai iya shekara ashirin bai yi mata magana ba. Ni kuwa ba zai iya gaba da ni ba, a hannuna yake cin abinci."

Na ce shi fa, me ya hana shi zuwa gidan su Gus ya karɓo katinsa? Ya dube ni da gefen ido ya ce, "An tofa yawu, Lori. Wane irin uba ne zai shiga musayar yara?" Ya zaci zai samu wani a kamfanin, sai kamfanin ya rufe. Makullin kuwa ya riƙe ne don ya san wata rana zan zo nema, wai dai bai zaci sai na yi furfura ba.

Na yi kuka, ya ce in bari kada dankalin ya huce. Gobe za mu Sandusky tare, ya ce dama yana bukatar aski.

Ƙanwarka,
Lori

Toledo
23 ga Agusta

Duane ɗana,

Ka yi haƙuri da girman rubutun, da alƙalamin allo nake yi. Ina gaishe ka da Marcy.

An warware musaya. Gus ya karɓi takalminsa da makullinsa, muka ba shi na jabun ya maƙala a madubi.

Na gan shi. Sai da na fita rana na karkata kai, amma na gani. Ina da gashi, mai yawa ma. Lori ta so ta gwada ni, ta sa mini duka biyun a hannu, ban ko duba ba na ce wannan ne, ga cizon fegin Duane.

Kada ka sa masa firam. Nan gaba da yatsa zan riƙa ganinsa.

Ka zo ranar 18. Ka taho da furanni masu kyau, ba na gidan mai ba. Kafin a yanka kek zan kai ka kabarin uwarka, akwai maganar da ya kamata ka janye.

Babanka,
Caz